Oksijin ɗin da na kafe a kwamfuta

Ina shekarar farko ta digiri na biyu malamina ya ba ni aikin lissafa yadda maganaɗisu ke zama a cikin yuraniyam dayoksaid, wato UO2, makamashin da ake zubawa a yawancin tashoshin nukiliya. Kafin nan sanina da yuraniyam bai wuce Arlit, garin da ake haƙar sa a Nijar, ba.

A takarda abin ba wuya. Ƙwayoyin zarra sun jeru kamar akwati mai tsawo, faɗi da zurfi iri ɗaya, kowace yuraniyam da oksijin takwas kewaye da ita. In aka sanyaya shi ƙasa da kelbin 30.8, wato wajen digiri 242 ƙasa da sifili a ma'aunin Celsius, sai ƙananan maganaɗisun yuraniyam su jeru suna soke juna. Don in sauƙaƙa wa kwamfuta, sai na kafe oksijin a mazauninsu, na bar maganaɗisun kaɗai su juya. Na yi makonni ina fama, amsata ta ƙi dacewa da abin da aka auna ta hanyar harba wa kiristal ɗin ƙananan ƙwayoyin da ake kira nutron.

Malam ya duba, ya ce, "Wa ya gaya maka oksijin ɗin a tsaye suke?"

Ashe tun 1976 masana biyu, Faber da Lander, sun nuna oksijin ɗin suna gusawa. Gusawar ce dai ba ta taka kara ta karya ba: kusan angstrom 0.014 (angstrom ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin biliyan goma na mita), a akwatin da gefensa ya kai 5.47. Ni kuwa na raina ta. Kowace yuraniyam a nan tana riƙe da elektron biyu da ake kira 5f, gajimarensu, wato yadda suka bazu kewaye da ita, ba zagaye yake ba, kuma ɗaure yake da alƙiblar maganaɗisun. Maganaɗisu ya juya, gajimare ya bi shi, ya ture oksijin. Oksijin kuma ya taya maganaɗisun zaɓar inda zai fuskanta. Abin da ya yaudare ni shi ne, maganaɗisun suna kallon kusurwoyin akwatin ne, don haka turin ya rabu daidai, daga waje akwatin lafiya lau.

Daga baya na karanta aikin da aka yi a Los Alamos ta Amurka a 2017: an sa kiristal ɗin cikin filin maganaɗisu mai ƙarfi, tsawonsa ya canza, da ƙarfin filin ya kai wajen tesla 18 kuma canjin ya juya baya. Har rashin saurin wucewar zafi a UO2, in an gwada shi da toriyam dayoksaid da ba shi da maganaɗisu, yana da nasaba da wannan ɗaurin.

Na saki oksijin ɗin na sake lissafi. Kwamfutar sashenmu ta kwana tana kuka, sau biyu ana ɗauke wuta, amma a ƙarshe sun gusa.