Abin da yaran shagona suka koya mini game da burinsu

Shekara tara ke nan ina riƙe da shagon haɗa wutar sola a unguwar Zango, a nan Damagaram, kuma na daɗe ina ɗauka cewa kuɗi ne kaɗai ke riƙe matashi a wurin aiki. Wani yaro da ya yi shekara uku a hannuna shi ne ya raba ni da wannan tunani.

A watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take ba Nijar, aiki ya yi mana yawa har muna mayar da masu buƙata. Wannan yaro shi ne gwanina, domin idan ya ɗaure farantin sola a kan rufi ba na komawa in duba. Na ƙara masa jika goma a kan albashinsa ba tare da ya roƙa ba, na kuma saki jiki cewa na gama da shi. Bayan ƴan watanni sai ya zo da yamma, ya durƙusa a bakin ƙofa, ya ce zai tafi. Da na matsa masa da tambaya, ya sunkuyar da kai ya ce: "Maigida, shekara uku ina hawa rufin kwano cikin rana, amma har yau ban san yadda ake lissafin batir nawa gida yake buƙata ba, ban kuma san wurin wa kake sayen kaya a Kano ba."

Gaskiya ya faɗa, kuma da gangan na ɓoye masa. Littafin da nake rubuta farashi da lissafin kowane aiki yana cikin durowa a kulle, makullin yana aljihuna, kamar yadda na ga wanda ya koya mini sana'a yana yi. Ina tsoron in koya wa yaro komai ya buɗe shago kusa da nawa, ban lura ba cewa wanda burinsa shi ne ya tsaya da ƙafafunsa zai tafi ko an koya masa ko ba a koya masa ba, sai dai ya tafi da ɓacin rai.

Tun daga nan, duk wanda na ɗauka, a makon farko nakan zauna da shi a kan tabarma lokacin shayi in tambaye shi inda yake son ganin kansa bayan shekara biyar. Amsoshin ba sa zama ɗaya. Wani takardar shaidar aiki yake nema domin ya gwada sa'arsa a matatar man SORAZ, wani kuma sadaki da kuɗin ɗaki yake tarawa. Yarinyar da ke riƙe mana lissafi tana son ƙarasa karatunta a Jami'ar André Salifou, saboda haka muka tsara mata lokutan aiki yadda ba za su ci karo da darasi ba. Wanda ya fi damuna shi ne mai tara kuɗin mota zuwa Agadas, da niyyar wucewa Libiya ko wuraren haƙar zinariya na Jado. Shi nakan fi jawowa kusa, in damƙa masa aiki tun daga awon gida har karɓar kuɗi, ko zai ga cewa akwai abin yi a gida. Manya suna yawan cewa yaran yanzu ba su da haƙuri, amma ni na ga suna da shi matuƙar an nuna musu inda wahalar za ta kai su.

Yanzu littafin farashi yana kan tebur, kuma duk sa'ad da zan je sarin kaya Kano ta hanyar Matamai nakan tafi da ɗaya daga cikinsu. Wancan yaro da ya bar ni ya buɗe shagonsa a Mirriya, kuma a watan da ya wuce ya kira ni muka haɗa hannu a kan aikin famfon wani lambu da ya fi ƙarfin mutum ɗaya.