Talata: minti 20 na farko bayan abu ya ɓaci

Ƙarfe 10 na dare.

Abu biyu ne suka lalace a gaban idona yau a wurin aiki, kuma babu babba a cikinsu: kwamfuta ta mutu ana tsakiyar rubutu, sannan wani gajeren saƙo ya shigo wayar wata. Na ga ya dace su shiga kundin nan don a duka biyun asarar kashi biyu take zuwa. Akwai wadda matsalar ta zo da ita, akwai wadda mai matsalar ke ƙarawa da hannunsa a mintunan da suka biyo baya.

Na farkon ƙarfe 9 da 'yan mintuna ya faru. Wani abokin aiki yana kan rahoton da ya fara tun 7, kwamfutar ta daskare, ta ɗauke. Kafaɗunsa suka ɗago har kusa da kunnuwa, muƙamuƙinsa ya ɗaure, ya riƙe numfashi, ya shiga danna maɓallin kunnawa kamar maɓallin ne ya yi masa laifi. Da ta dawo, manhajar rubutu ta Word ta buɗe da ɗan akwati a gefen hagu mai ɗauke da kwafin da ta adana da kanta. Bai karanta ba, ya rufe. Ta tambaye shi ko a ajiye kwafin, ya danna a cire, don ya ƙagu ya ga takardarsa. Manhajar nan, idan ba a taɓa tsarinta ba, duk minti 10 take adana kwafi. Ke nan abin da mutuwar kwamfutar ta ci bai wuce aikin minti 10 ba, dannawa biyu ne suka mayar da shi na awa 2. Bayan kamar kwata wani yaro sabon ɗauka ya kawo masa takarda ya sa hannu, ya ce, “Malam, ba ka da ido ne? Fita ka ba ni wuri!” Haushin kaza, huce kan dami.

Mutumin ba wawa ba ne, ya fi ni sanin kwamfuta nesa ba kusa ba. Abin da ya hana shi karanta layi biyu shi ne jiki yana riga tunani. Cikin daƙiƙoƙi adirinalin, sinadarin da jiki ke saki idan ya ji haɗari, ke shiga jini, zuciya ta ƙara gudu, ido da hankali su tsuke kan abu ɗaya, duk abin da ke gefe ya zama shinge da ake son turewa. Kotisol kuma, wani sinadarin da damuwa ke sa jiki ya saki, a hankali yake tahowa, sai bayan minti 20 zuwa 30 yake kai ƙololuwa, shi ya sa mutum kan ji har yanzu ransa a dagule alhali abin ya wuce. Kan wannan tashin jikin ne labari ke hawa: “kullum haka take min”, “yau na shiga uku”. Masu bincike Jennifer Lerner da Dacher Keltner sun nuna a 2001 cewa mai fushi yakan ga haɗari ya ƙanƙance, yana ji a ransa ya san abin da yake yi. Saboda haka shawarar nan ta “ka yi tunani kafin ka aikata” ba ta cika amfani a lokacin ba, don tunanin ma an riga an saye shi. An ce idan hankali ya ɓata hankali ke nemo shi. Wanda ke nemowar, a ganina, shi ne ɗan guntun da ya rage yana iya cewa “ga muƙamuƙina ya ɗaure”, wato lura da abin da ke faruwa a jiki.

Daga nan ake kama zaren, kuma da hannu ake farawa. A ɗauke shi daga kan maɓallai, a kife waya, a ɗora tafuka kan cinya. Kusan duk ɓarnar wannan lokaci ta hannu ko ta baki take fita, wanda ya tsare biyun nan ya tsare mafi yawa ko da ransa na tafasa. Idan a tsaye yake ya zauna, kamar yadda hadisi ya koyar game da mai fushi.

Sai numfashi, inda aka fi yin kuskure. Ka ce wa mutum “ja dogon numfashi”, sai ya zuƙi iska da ƙarfi ya cika ƙirji, ya maimaita da sauri, can ya ji jiri da tsatstsafar yatsu saboda ya fitar da iskar kabon fiye da kima, sai tsoro ya ƙaru. Fitarwar ce ke da aiki. Duk lokacin da mutum ke fitar da numfashi bugun zuciyarsa na ɗan raguwa, aikin wata doguwar jijiya ce da ta sauko daga ƙwaƙwalwa zuwa zuciya da ciki. A shaƙa ta hanci daƙiƙa 4, a saki a hankali daƙiƙa 6. Hakan na ba da numfashi 6 a minti, maimakon 12 zuwa 20 da baligi ke yi a zaune. Sau 6 zuwa 10 ya isa. Fushin ba zai tafi ba, amma zai sauko inda za a iya karanta layi biyu.

Bayan haka tambaya biyu. Me ya ɓata takamaimai, kuma nawa ne girmansa da lissafi: minti nawa, shafi nawa? Sannan cikin abubuwan da nake son yi yanzu, wanne ne ba ya gyaruwa? Gogewa, turawa, sa hannu, ajiye aiki, da baƙar magana, duk waɗannan su jira minti 20, magana zarar bunu ce. Sauran, irin duba ko akwai kwafi ko kiran wanda ya iya gyara, a yi su nan take. Adadin 20 ɗin ba daga kaina ya fito ba. John Gottman, da ya daɗe yana auna ma'aurata suna gardama, ya lura cewa idan bugun zuciya ya haura 100 a minti mutum ya daina jin abin da ake gaya masa, kuma yana buƙatar aƙalla minti 20 kafin ya dawo daidai. Da sharaɗi fa: kada a kwashe mintunan ana bitar laifin wancan ana shirya masa amsa. Wanda ya yi haka da ƙafa kawai ya fita, zuciyarsa na can cikin ɗakin.

Na biyun 11:40 ya zo. Wata matashiya ta miƙo min wayarta, “Yaya, dubi abin da oga ya turo min. Ni wallahi na gaji da rainin wayo.” Saƙon kalma biyar ne: “Ki same ni ƙarfe 2.” A ƙasansa ta riga ta rubuta amsa layi bakwai, yatsanta na shawagi kan turawa. Na ce ta kife wayar tukuna, ta gaya min a ina take jin abin a jikinta. Ta yi shiru, ta dafa ciki, ta ce, “Cikina ne ya ɗuri ruwa.” To ai wannan ba wurin zaman fushi ba ne. Fushi yawanci sama yake hawa, fuska ta yi zafi, hannuwa su ɗauki ƙarfi. Da na ce ko fargaba ce, ta ɗan yi dariya, ta ce tun Juma'a take zargin akwai lambar da ta shigar ba daidai ba a jadawalin da ta miƙa. Layi bakwai ɗin nan borin kunya ne tun kafin a tuhume ta.

Sa wa abin suna yana da tasiri a karan kansa. A 2007 Matthew Lieberman da abokan aikinsa a Jami'ar Kaliforniya ta Los Angeles sun nuna wa mutane hotunan fuskoki masu fushi da masu tsoro suna ɗaukar hoton ƙwaƙwalwarsu. Duk sa'ad da mutum ya zaɓi kalmar da ta dace da yanayin fuskar, amigdala, ɗan sashen da ke kaɗa ƙararrawar haɗari, yakan rage aiki, wani sashe na gaban ƙwaƙwalwa kuma ya ƙara. Amma sunan sai ya zama daidai, kuma Hausa ba ta rage mu da kalmomi ba. Haushi daban, takaici daban, fargaba, zullumi, kunya, kowanne da maganin da yake nema. Mai fargaba bayani yake buƙata, ya je ya duba. Mai kunya gyara da amsa laifi. Mai takaici wani lokaci hutu kawai. Wanda ya tara su duka ya ce “raina ya ɓaci” zai yi wa kowanne maganin fushi, wato neman wanda zai sauke wa. Ga kuma tarkon da nake yawan gani: “an raina ni” ba sunan ji ba ne, hukunci ne aka yanke wa wani. Muddin akwai wani mutum cikin jimlar, ba a kai ga sunan ba tukuna.

Saƙon waya kuwa shi ne mafi sauƙin ɗora wa labari, don ba shi da murya. Justin Kruger da Nicholas Epley sun gwada wannan a 2005 da imel: masu rubutu na da tabbacin an gane ko wasa suke ko da gaske, masu karatu ma na da tabbacin sun gane, alhali kuskuren ya fi yadda kowannensu ke zato yawa. Mai karatu da muryar da ke ransa yake karantawa.

Ta goge layi bakwai ɗin, ta rubuta “To, ranka ya daɗe”, ta buɗe jadawalin. Kuskuren na nan, a layi na 14. Ƙarfe 2 ta shiga da gyararren kwafi a hannu. Bai yaba mata ba, ya ma yi mata magana mai ɗan kaifi, amma minti 10 aka gama.

Akwai wani a ofis ɗin da kowa ke cewa mai haƙuri ne, ko an taka shi fuskarsa ba ta motsi. Ina shakkar wannan yabon, don sau da yawa dannewa ce ake kira haƙuri. James Gross, wanda ke Jami'ar Stanford, ya gwada dannewa a 1998: waɗanda aka ce su ɓoye abin da suke ji yayin kallon hoto mai tayar da hankali, jin bai ragu ba, jikinsu ma ƙara tashi ya yi, saɓanin waɗanda suka sauya yadda suke fassara abin. Daga baya shi da Jane Richards suka ga mai dannewa ba ya riƙe abin da aka faɗa a gabansa sosai, don hankalinsa na can yana gadin fuska. A 2003 kuma, a binciken Emily Butler, har wanda ke hira da mai dannewar jininsa hawa ya yi. Ɗaya gefen ma ba mafita ba ce. Brad Bushman a 2002 ya sa mutanen da aka fusata su naushi buhun dambe suna tuna wanda ya ɓata musu rai, sai suka fito sun fi waɗanda aka bari zaune shiru zafi. Lurar da nake nufi tana tsakanin biyun nan: ka san yana nan, ka san sunansa, ka bar shi ya yi lokacinsa, hannunka na kan cinya. Idan kuma da gaske an zalunce ka, maganar na nan za a yi ta, bayan minti 20, da hujja a jere.

Wajen 5 na yamma mai rahoton ya zo ya zauna kusa da ni, ya ce shi bai ma san lokacin da ya danna ba. Na yarda da shi. Awa 4 ya yi barci jiya. A 2007 ɗakin binciken Matthew Walker ya auna mutanen da aka hana barci dare guda, amigdalarsu ta fi ta waɗanda suka yi barci zabura da kusan kashi 60 cikin 100. Ranar da barci ya yi ƙaranci, tun da safe ya kamata mutum ya san yau wutarsa a kusa take.

Na ce masa ba a fafe gora ranar tafiya. Ko shirin koyar da lura don rage damuwa da Jon Kabat-Zinn ya kafa a Jami'ar Massachusetts a 1979 mako 8 ne, da atisaye na kusan minti 45 kullum, duk a lokacin da babu abin da ya ɓaci. Shi ba sai ya kai nan ba. Sau uku a rana, daƙiƙa 30, ya duba muƙamuƙi, kafaɗa da numfashi, ya liƙa dubawar da abin da dama yake yi, kamar zama kan kujera ko wanke hannu. Sannan ya tsara jimla ɗaya irin wadda Peter Gollwitzer ya bayyana a 1999, mai “idan” a farko: idan kaza ta faru, zan yi kaza. Amfaninta shi ne an yanke shawarar tun kai na sanyi. Da daddare kuma layi huɗu: me ya faru, ina na ji shi, me na gaya wa kaina, me hannuna ya yi. Kada ya wuce minti 5, don lura kan rikiɗe ta zama saƙa da warwara, kuma alamar ita ce tambayar ta koma “me ya sa ni kullum haka nake?” Na ƙara masa da cewa idan bugun zuciya na zuwa da ciwon ƙirji, ko yana tasowa babu dalili, likita zai gani, wannan ba aikin ƙirga numfashi ba ne.

Ya yagi 'yar takarda ya rubuta, “Idan kwamfuta ta mutu, hannu kan cinya, in karanta duk abin da ta nuna”, ya manna a gefen allon. Rahoton ya fita 12:30 maimakon 10. Yaron da ya kora bai sake leƙo ɗakin ba har aka tashi, takardar ma ta hannun wani ya aiko da ita. Na tambaye shi ko ya neme shi, ya ce gobe.