Lambobin da ke jikin kwarkwaron fatsa

A Sakkwato mun taso muna ganin Sarkawa da tarunsu da birginsu da gorar ninƙaya, fatsar da muka sani kuwa ba ta wuce sanda da zare da ƙugiya ba. Shi ya sa da na sayi sandar fatsa ta zamani mai injin naɗe zare, ban tsaya karanta ƙananan rubutun da ke kewaye da kwarkwaronta ba, na ɗauka lambobin kamfani ne kawai. Na nufi kasuwa na zaɓi zaren roba mai kaurin milimita 0.50, tsawon mita 100, domin a tunanina zare mai kauri shi ne maganin babbar tarwaɗa.

Tun wajen naɗawa na ga alamar matsala, don kwarkwaron ya cika alhali da sauran zare mai yawa a hannuna, amma na ci gaba da naɗawa har ya yi tozo ya haura leɓen. Washegari da hantsi na sauka Kwalkwalawa a bakin kogin Rima. Jifan farko, zaren ya zubo zobe-zobe a lokaci guda, ya cukurkuɗe a zoben farko na sandar, ƙugiyar kuma ta faɗi kusa da ƙafata. Ina zaune ina warwara har rana ta take, sai wani dattijo da ke fatsa kusa da ni ya karɓi injin, ya goge ƙurar jikin kwarkwaron da babban yatsansa, ya ce: "Malam, ai ga shi an rubuta maka abin da cikinsa ke ɗauka." Na ce: "Baba, wallahi ban san ma'anarsa ba."

Layin da ya nuna mini yana ɗauke da 0.25/260 da 0.30/180 da 0.35/130, a gabansu kuma an sa mm/m. Kowace lamba biyu tafiyarsu ɗaya: ta farko kaurin zare ce a milimita, ta biyu kuma tsawon da kwarkwaron zai ɗauka a mita idan an naɗa zare mai wannan kaurin. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne yadda tsawon ke raguwa da sauri, sai daga baya na gane cewa zare yana cin wuri ta faɗi da ta zurfi gaba ɗaya, saboda haka idan kauri ya ninka sau biyu, tsawon ba rabi yake komawa ba, kashi ɗaya cikin huɗu yake komawa. Kwarkwaron da ke ɗaukar mita 260 na 0.25, kimanin mita 65 kawai zai ɗauka na 0.50, ni kuwa mita 100 na yi ƙoƙarin cusa masa.

A ƙasan wannan akwai layi na biyu, 8/240 da 10/200 da 12/160, da alamar lb/yds. Wannan awon Amurka ne: lambar farko laba ce, wato nauyin jan da zaren zai jure kafin ya tsinke, ta biyu kuma yadi, irin wanda muke auna shadda da shi, wanda ya gaza mita ɗaya kaɗan. Laba 12 ba ta kai kilo 5 da rabi ba, kuma ba nauyin kifin da za a kama take nufi ba, domin birkin injin yana sakin zare idan kifi ya fizga. A ganina layin milimita ya fi abin dogaro, tun da zare biyu masu laba iri ɗaya suna iya bambanta a kauri, kwarkwaro kuwa kauri yake aunawa. Sauran lambobin, irin 4000 da 5.2:1, girman injin ne da yawan zagayen da yake yi a juyi ɗaya na hannu, ba su ne ke faɗin yawan zaren da kwarkwaro zai ɗauka ba.

Yawanci waɗannan alkaluma na zaren roba ne. Tufkakken zare, wato wanda aka tufka da siraran zaruruwa da yawa, ya fi shi siranta a ƙarfi ɗaya, don haka kwarkwaro yana cinye shi da yawa, ga tsada, ga shi yana zamewa a kan ƙarfe idan ba a fara shimfiɗa masa zaren roba a ƙasa ba.

Da na koma gida na warware komai, na sayo mai kaurin 0.35, na naɗa shi ina matse shi da jiƙaƙƙen tsumma tsakanin yatsuna domin ya kwanta daidai, na tsaya saura kamar milimita 2 ya kai leɓe. Da shi na je madatsar ruwa ta Goronyo bayan damina, inda jifana ya yi nisan da ban taɓa samu ba, kuma da wata tarwaɗa ta ja zaren ta nufi zurfi, na bar ta ta yi gudunta, don na san yawan abin da ya rage a kwarkwaron.