Inda Na Kai a Ɗaukar Tafiyar Babur: Gwaji a Hanyar Kano zuwa Dutse

'Yan'uwana masu koyon ɗaukar tafiyar babur da kyamara, ga bayanin inda aikina ya kai daga ƙarshen damina zuwa tsakiyar hunturun nan. Hanyar da nake gwaji a kanta ɗaya ce, wato daga Kano zuwa Wudil, a bi ta Gaya a shiga Dutse, kuma da gangan nake maimaita ta, domin idan hanya ba ta sauya ba, duk bambancin da aka gani tsakanin ɗaukar wancan mako da ta wannan mako, to daga saitin kyamara ya fito ko daga wurin da aka ɗaura ta. Abin da wannan maimaici ya tabbatar mini shi ne, mafi yawan kyawun bidiyon babur tun kafin a tayar da inji ake samar da shi, kuma abin da ya lalace a kan titi da wuya kwamfuta ta dawo da shi, komai ƙarfin manhajar da mutum yake tace hoto da ita.

Wurin ɗaura kyamara shi ne ya fi cin lokacina. Kan babur, kusa da madubi, nan hankalin mai koyo yake fara zuwa, amma a irin baburan da muka fi hawa, kamar Bajaj Boxer da takwarorinsa masu silinda ɗaya, wurin ba ya ba da hoto mai kyau. Injin da yake juyawa sau 6000 a minti, sau 100 ke nan a kowace daƙiƙa, kuma wannan jijjiga tana bi ta ƙarfen babur ta shiga kyamara kai tsaye. Ita kuwa kyamara ba a lokaci guda take ɗauke hoto dungurungum ba. Allon da ke karɓar haske a cikinta layi-layi yake karanta hoton daga sama zuwa ƙasa, saboda haka idan ta motsa kafin karatun ya ƙare, saman hoton da ƙasansa ba za su tsaya a wuri ɗaya ba. Shi ya sa ake ganin turakun lantarki na gefen hanya suna lanƙwashewa suna miƙewa, kamar ana kallon su a cikin ruwan randar da aka girgiza. Masu ɗaura waya a wannan wuri su ƙara kula, domin a watan Satumban 2021 kamfanin Apple da kansa ya yi gargaɗin cewa jijjigar injin babur mai ƙarfi tana iya lalata sassan da ke daidaita hoto a kyamarar iPhone, har ya shawarci masu ƙananan babura su riƙa amfani da mariƙi mai rage jijjiga.

Maganin da na tsaya a kansa shi ne jikin mahayi, domin nama da gaɓoɓi suna shanye jijjigar inji kafin ta isa ga kyamara. Yanzu a haɓar hular kwano nake ɗaura ta. Daga nan mai kallo yana ganin kusan abin da idona yake gani, kuma idan aka ɗan sunkuyar da ita yadda madubai da kan babur za su shigo ƙasan hoton, ido yana samun abin da zai kafe a kai yayin da hanya take gudu. Saman hula ya yi tudu da yawa, iska tana kama kyamarar ta ja wuyan mutum baya, babur ɗin kuma ya ɓace daga hoton. Ƙirji wuri ne mai kyau ga babur ɗin da ake zama a miƙe a kansa, sai dai kyamarar ba ta waiwaya tare da mahayi. Amfanin haɓa ya zo da horo: dole ne kai ya natsu, amma duba madubi da waiwaye kafin shan kwana ba abubuwan ragewa ba ne saboda bidiyo, a wajen tacewa ake yanke su. Gam ɗin mariƙi yana bukatar a goge wurin tas, a manna, a bar shi awa 24 kafin a ɗora masa nauyi, sannan a ƙara 'yar igiya ko da zai saki. Huda hular kwano don a ɗaura noti kuwa ban yarda da shi ba ko kaɗan, domin rai aka yi ta ta tsare.

Batu na biyu, wanda na fi so ku tsaya a kansa, shi ne tsawon lokacin da idon kyamara yake buɗewa a kowane hoto, abin da masu sana'ar suke kira shota. Babur mai gudun kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 a daƙiƙa. Da tsakar rana, idan aka bar kyamara ta zaɓar wa kanta, tana iya buɗe ido na kashi 1 cikin 2000 na daƙiƙa kawai, kuma a ɗan wannan lokaci babur bai matsa ko santimita 1 ba. Kowane hoto sai ya fito a daskare, ana iya ƙirga tsakuwar titi, idan aka jera su kuma sai tafiyar ta riƙa tsalle-tsalle, ido ya gaji, gudun kuma ba ya shiga jikin mai kallo. Ƙa'idar da masu shirya fim suka saba da ita ita ce, idan ana ɗaukar hoto 25 a daƙiƙa, a sa shota a kashi 1 cikin 50. A wannan lokaci babur ya matsa kimanin santimita 33, don haka ciyayin bakin hanya suna shafewa su zama zane, abin da ke nesa kuma ya tsaya garau, yadda ido yake gani a zahiri. Kafin a iya buɗe ido haka a ranar ƙasarmu ba tare da hoton ya ƙone fari fat ba, sai an sa baƙin gilashi mai rage haske, wanda ake kira ND. Mai lamba 16 yana barin kashi 1 cikin 16 na hasken ne ya shiga, mai lamba 32 kuma rabin haka.

Sai dai wannan ƙa'ida tana karo da manhajar da ke daidaita hoto a cikin kyamara, irin HyperSmooth da GoPro ya fito da ita tare da HERO7 Black a 2018, ko RockSteady da DJI ya sa a Osmo Action a 2019. Manhajar tana iya mayar da hoton da ya goce wurinsa, amma ba ta iya cire shafewar da ta riga ta shiga cikinsa lokacin da taya ta faɗa rami. Sakamakon shi ne hoto a tsaye cak, amma yana dusashewa yana washewa a duk gargada. Matsayar da na cimma ita ce ɗaukar hoto 50 a daƙiƙa, shota a kashi 1 cikin 100 inda kwalta take sumul, a mayar da ita kashi 1 cikin 200 idan za a sauka kan burji. Na zaɓi 50 maimakon 60 saboda wutar lantarkinmu sau 50 take juyawa a daƙiƙa, kuma idan saitin bai dace da ita ba fitilun shaguna da na gidajen mai sukan riƙa ƙyaftawa a hoton. Da la'asar sakaliya nake cire baƙin gilashin, in ba haka ba hoton ya cika da dusa-dusa.

Akwai saitin da yake kulle sararin sama ya tsaya daidai ko babur ya karkata, kuma na daina kunna shi. Karkatar babur a kwana ita ce abin da ya bambanta shi da mota, wanda ya goge ta ya goge daɗin tafiyar. Mai son ya riƙe wannan hukunci a hannunsa yana iya kashe daidaitawar cikin kyamara ya yi aikin daga baya da Gyroflow, manhaja ce kyauta wadda take karanta bayanan motsin da kyamara ta adana tare da bidiyon, ta bar mutum ya zaɓi iya laushin da yake so.

Hunturu ya zo da nasa sharaɗin. Hazo yana kashe launi, sama ta zama fari-fari, kyamara kuma ta riƙa sauya ma'aunin fari, wato saitin da ke daidaita launin hoto da irin hasken wuri, duk lokacin da aka wuce jar ƙasa ko inuwar darbejiya. Na kulle ma'aunin a 5500, na ɗan rage haske ƙasa da abin da kyamara take so, sannan a duk zango ina hure ƙurar gilashin kafin in goge shi, domin goge ƙura a bushe karce gilashi yake yi. Fitowar sassafe, kafin rana ta take, ta fi kowane gyaran launi amfani.

A ɓangaren sauti ne na fi ganin ci gaba. Makirufon jikin kyamara hucin iska kawai yake kamawa da zarar gudu ya ɗan ƙaru. Yanzu ina cusa ƙaramin makirufo mai rigar gashi a cikin soson kuncin hular kwano, gefen baki ba gabansa ba, don kada numfashi ya riƙa bugunsa. Ƙarar inji kuma daban nake naɗar ta, da ƙaramar na'urar naɗar sauti a naɗe cikin tsumma a ƙarƙashin kujera, inda iska ba ta kai wa. Kafin in ja babur nakan danna oda sau 3, domin a kwamfuta wannan ƙara tana fitowa kamar tsinin allura a dukkan layukan sauti, sai a jera su a kanta cikin sauƙi. Tun da na samu ƙarar inji mai tsabta na rage sa kiɗa, domin sauya giya da sakin totur suna gaya wa mai kallo abin da hanya take ciki, ga kuma tsira daga matsalar haƙƙin mallaka, wadda YouTube yake gano ta da kansa.

Tacewa da lissafin wuri take farawa. Kyamarar da take rubuta megabit 100 a daƙiƙa tana cin gigabait 45 a awa ɗaya, don haka katin memori mai alamar V30, wato mai saurin rubutu, ya zama dole, da wurin kwafe fayiloli a ranar da aka dawo. Fayilolin H.265, wani tsarin matse bidiyo da kyamarori ke amfani da shi, suna yi wa ƙaramar kwamfuta nauyi, maganinsu kuwa shi ne a sa manhajojin tace bidiyo irin DaVinci Resolve ko Kdenlive su yi ƙananan kwafi marasa nauyi, a yi yankan a kansu, sai wajen fitarwa manhajar ta koma kan na asali.

Amma yankan kansa ba aikin na'ura ba ne. Tambayar da nake yi wa kowane yanki ita ce, me ya sauya a nan? Daga Kano zuwa Wudil kimanin kilomita 40 ne, kuma mafi yawansu miƙaƙƙen titi ne da mahayi yake jin daɗinsa saboda iska tana dukan jikinsa, mai kallo kuwa babu iskar da take dukansa. Abin da nake bari shi ne inda gari ya ƙare gonaki suka fara, da gangarowa zuwa gadar Wudil inda kogi yake buɗewa hagu da dama, da cinkoson motocin shanu idan ranar Juma'a ce kasuwa tana ci, da lokacin da duwatsun Dutse suka fara leƙowa daga cikin hazo. Tsakanin waɗannan, 'yan daƙiƙoƙi sun isa su nuna an yi nisa. Ina yin yanka a kan motsi, lokacin da babbar mota ta gifta ta rufe hoton ko lokacin da kai ya fara juyawa, kuma ina shigo da sautin wurin da za a shiga tun kafin hotonsa ya bayyana, yadda hayaniyar kasuwa za ta riga kasuwar isowa. Ƙara wa bidiyo sauri don a nuna gudun da ba a yi ba ba ya cikin tsarina, kamar yadda murɗa totur saboda kyamara ba ya ciki; faɗin gilashin irin waɗannan kyamarori ya riga ya sa matsakaicin gudu yana kama da mai yawa.

Hanya ta jama'a ce, kuma mutanen da suke kanta ba su fito don shiga bidiyona ba. Ina dusashe lambobin motoci da fuskokin da suka fito kusa, musamman mata da yara, wanda kuma na tsaya muka yi magana sai da izininsa nake sa shi. Kafin shingen jami'an tsaro, da kuma kusa da makarantar horar da jami'an 'yan sanda ta Wudil, gefe nake tsayawa in kashe kyamara, domin lalubar maɓalli ana cikin tafiya ganganci ne.

Abin da ya rage mini shi ne duwatsun Dutse. Faɗin gilashin da yake ƙara wa gudu armashi shi ne yake ƙanƙantar da abin da ke nesa, sai dutsen da ya cika idon mahayi ya fito kamar tudun bakin gona. Rage faɗin a cikin saiti ya taimaka kaɗan, amma yana ƙara bayyana motsin kai. A fita ta gaba, in Allah ya yarda, zan tafi da abokin tafiya a nasa babur ɗin, mu kafa kyamara ta biyu a kan ƙafafu uku nesa da bakin titi, a jawo hoton yadda dutse zai cika bayansa, babur ya ratsa ta gabansa ɗan ƙarami, sannan in gwada haɗa wannan da hoton haɓa a daidai inda ƙarar injin take sauya giya.