Godiya ga waɗanda suka tsaya wa ƙanwata

Assalamu alaikum. Jiya muka yi walima a gidanmu na Argungu, domin autarmu ta samu gurbin karatun lauya a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato. Da digirinta na ilimin zamantakewar al'umma daga Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi aka ɗauke ta, kai tsaye zuwa aji biyu. Taro ya yi yawa, ban samu gaisawa da kowa ba, shi ya sa na rubuto.

Godiyar farko, bayan Allah, ta malamin da ya duba kundin bincikenta ce. Da masu tallafin karatu suka nemi shaidar halinta, bai tsaya ga maki ba. Ya rubuta abin da ya gani da idonsa: yarinyar da ta yi wata uku tana zama a bencin baya na kotun shari'a tana sauraron ƙararrakin gado, sannan ta bi zawarawa har ɗakunansu ta ji ta bakinsu. Wata tsohuwa ta ce kada a ɗauki muryarta, nan take ta kashe waya, ba ta saka ko kalma ɗaya daga hirar a kundin ba, alhali ita ce hirar da ta fi kowace nauyi. Malam ya ce mai riƙe amanar tsohuwar da ba ta san karatu ba, za ta riƙe sirrin wanda take karewa. Inna ta yi kuka da na karanta mata wannan wurin. Malam, Allah Ya saka maka da alheri, Ya raya maka zuri'a.

Sai Kawu. A 2020 ambaliya ta cinye mana shinkafar fadama, Baba kuma yana kwance a jinyar da bai tashi ba. Ni da kaina na ce ta dakata da karatu. Kawu ya sayar da sa biyu, ya ce in daina wannan magana. Kawu, kai ka yi gaskiya.

Na gode wa Gwaggo da ta riƙe ta a Birnin Kebbi, da ƙawayenta da suka yi aikin tuwo tun asuba, da liman da ya ja addu'a.

Masu kiran ta barista tun yanzu, a yi haƙuri, da sauran tafiya. Shekara huɗu ne a Sakkwato, sannan shekara guda a Makarantar Horas da Lauyoyi, ko Bwari ko Bagauda ko duk inda aka tura ta. Ni dai ba na shakkarta, na ga yadda take sauraron mutum har ya kai aya kafin ta buɗe baki.

Ranar Litinin zan kai ta tasha. Ku sa ta a addu'a, ku sa Baba da bai ga wannan rana ba.