Ranar da muka kai Inna asibitin ido

Tun bayan sallar asuba muka bar Mabera, ni da Inna, a keke napep. Wata uku ke nan tana cewa hazo take gani, mu kuma muna ta ɗora wa hunturu laifi. Sai da ta zuba gishiri a kunu a madadin sukari na ce yau kam sai asibiti.

Gwajin farko na allon haruffa ne. Inna ba ta yi boko ba, sai aka kawo mata mai harafin E kaɗai, wani ya dubi sama, wani ƙasa, ita kuma tana nuna inda ƙafafunsa suka fuskanta da hannu. Idon dama babban na saman kawai ta iya gani. Ma'aikaciyar ta rubuta 6/60. Da na tambaya, ta ce abin da mai lafiyar ido zai hango daga mita 60, Inna sai ta matso mita 6. Lafiyayye 6/6 ake rubuta masa. Jikina ya yi sanyi, a haka take girki tana tsince shinkafa!

Likita ya ɗiga mata magani, muka jira baƙin idon ya buɗe, sannan ya haska. Ya ce yanar ido ce. A bayan baƙin ido akwai wani ɗan gilashi garai-garai da Allah Ya halitta, shi ne shekaru ke sa ya yi gajimare. Magani na ɗigawa ba ya wanke shi, sai aiki: a cire wanda ya dushe a sa na roba.

Inna ta gyara mayafi ta ce, "Likita, wai hidda idon za ku yi ku wanke?"

Ya yi dariya. "A'a Hajiya, idonki na nan inda yake. Ko barci ba za mu sa ki ba." Ya kuma roƙe ta kada ta bari masu yawo ƙauyuka su tura mata yanar da tsinke, domin idanun da ake kawo masa bayan an yi hakan sau da yawa sun riga sun lalace.

Wanda ya tsaya mini a rai shi ne dattijon da muka zauna benci ɗaya. Idonsa fes, ba ja ba kwantsa, amma jikansa ke riƙe da sandarsa. Hawan jinin ido. Ni da na ɗauka hawan jinin da muka sani ne ya hau ido, ashe ruwan cikin idon ne ba ya fita yadda ya kamata, ya yi ta danne jijiyar gani. Ma'aunin matsin ruwan bai kamata ya wuce 21 ba. Daga gefe yake fara cin gani, ba ciwo, kuma abin da ya tafi ya tafi ke nan. Tamu yanar sai na ji ta zama sauƙi.

Da likita ya ga ina miƙar da takardar Inna nesa kafin in karanta, ya tambayi shekaruna. Na ce 43. Ya ce tabarau na karatu ya kama ni, kuma in zo a auna mini ruwan ido, tunda na haura 40.

A hanyar gida Inna ba ta bar ni ba. "To, wa ya kai wani asibiti?"

An ba mu Talata mai zuwa. Ta ce in sanar da Yaya tun yau, kuma in tambayo ko za ta iya sa kwalli bayan aiki. Na manta ban tambaya ba.