Asabar a Safed, garin sufayen Yahudawa

Daga Tabariya, bakin tafkin Galili, mota hawa kawai take yi har Safed, gari a arewacin Isra'ila a kan dutse kimanin mita 900 sama da teku. Ranar Juma'a na je, direba kuwa ya ja min kunne cewa da la'asar motocin haya za su ɗauke ƙafa sai bayan faɗuwar rana ran Asabar, don Asabar ce ranar hutun Yahudawa, wadda dokar addininsu ta hana aiki a cikinta. Kwana ya kama ni ke nan.

Tsohon garin lunguna ne da matakalai, ƙofofi da tagogi sun sha shuɗin fenti. Nan malaman Yahudawa suka taru bayan an kore su daga Sifen a 1492. Nan Yusufu Karo ya tattara fikihunsu, nan kuma Ishaku Luriya ya karantar da Kabbala, ilimin baɗininsu, har rasuwarsa a 1572. A koyarwarsa, hasken Ubangiji ya zuba cikin wasu tukwane a farkon halitta, suka kasa ɗauka suka fashe, tartsatsin ya watsu cikin duniya. Aikin ɗan Adam shi ne tattaro shi ta hanyar kiyaye umarni, ko da a wurin cin abinci ne ko ciniki.

Mai masaukina, dogo mai gemu, manhajar kwamfuta yake rubutawa daga gida. Rana na yin ja ya kashe wayoyi ya jefa a durowa, ya saita agogon da zai kashe fitilu da kansa, ya manne makunnin ƙwan firji da salatif don kada ya kama in an buɗe. Uwargida ta ɗora tukunya a kan farantin lantarki, ta kunna kyandirori minti 18 kafin faɗuwar rana. Na ce masa, maigida, wannan ba wayo ake yi wa doka ba? Ya yi dariya, ya ce ba a hana shi cin moriyar haske ba, hannunsa aka hana kunnawa: kwana shida mutum na juya duniya, rana ɗaya ya bar ta yadda ya same ta. Ban gamsu duka ba, amma mun daɗe a teburin nan, ana waƙa, yara na jayayya da ubansu kan karatun Attaura na mako, babu mai leƙa waya.

Washegari na zaga unguwar masu zane-zane. Kafin 1948 ta Larabawa ce, a garin ma aka haifi jagoran Falasɗinawa Mahmud Abbas a 1935, sai dai masu yi wa baƙi jagora ba su cika ɗaga zancen ba. Jan zaren da ake sayar wa 'yan yawon buɗe ido da sunan Kabbala kuwa, mai masaukina tsaki kawai ya ja.

Taurari uku na fitowa ya yi addu'ar sallamar Asabar, ya kunna waya, ya tarar aiki ya lalace tun safe. Yana kan gyara na yi barci.